Takarda Biyu a Bur Sudan

Jirgi ya ɗaure a Bur Sudan kafin asalatu.
Da hantsi muka sauko, ƙasa na lilo da mu,
kwana shida kan ruwa, ƙafa ta manta tsayuwa.

Gindin wani bango mace na dafa gahawa,
citta ta yi yawa, Sidi ya yi tari har da hawaye.
Nan yaron kamfani ya same mu, Ohaj sunansa,
ya shimfiɗa takarda biyu kan benci,
ya danne su da finjali kar iska ta kwashe.

Ta farko shuɗiya ce: Sanganeb.
Kwalekwale mai inji, a dawo kafin magariba.
Hasumiya tsaye ita kaɗai a tsakiyar teku,
ƙarƙashinta murjani,
da kifi masu launin atamfar da ban taɓa iya saya ba.
Ya ce za a ɗaura mini gilashi in leƙa.

Ta biyu ruwan ƙasa: Dindir.
Kwana biyu a mota kafin a ga ƙofar daji,
ɓauna, jimina, gadu mai wutsiya a sama,
zaki kuma in rabo ya tsaga.
Ba na alkawarin zaki, in ji Ohaj,
ba ni nake masa albashi ba.

Guzirinmu na ɗaya ne.
Na ƙirga a ɗaki, na sake ƙirgawa a bayan gyale,
bai haihu ba.

Na ce, Sidi, ni 'yar Gumel ce,
ruwan da na sani sai an zura guga.
Shekara talatin ina koya wa yara taswira,
ina shafa wa wannan teku shuɗin alli,
ban san abin da ke cikinsa ba.
Ɓauna kuwa, ai saniya ce da ba ta da tarbiyya.

Bai yi dariya ba.
Mutumin da gwiwa ke hana shi hawa bene
yau shi ke son kwana biyu kan kujerar mota.
Na zuba masa ido.
Yatsarsa ba ta kan zakin hoto,
tana can gefe, kan siririn layin hanya,
inda ya rusuna ya bi Shuɗin Nilu,
kan wani ɗigo da ƙuda zai iya rufewa.

Ohaj ya sunkuya ya karanta: Mai Wurno.
Mukan tsaya nan, ya ce, direba na shan shayi.
Hausa suke yi, irin taku, sai dai ta sha Larabci.

Sai Sidi ya yi magana, ba da ni ba, da finjali:
Wan babana ya fita da ƙafa zuwa Makka,
da buta, da sanda, da alkawarin shekara uku.
Wasiƙa ɗaya ta zo, daga nan.
Babana ya rasu tana cikin aljihun rigarsa.

Shekara talatin da huɗu muna cin tuwo kwano ɗaya,
ban taɓa jin sunan mutumin ba.
Jatau, ya ce. Jatau mai ɗinkin hula.

Mai gahawa ta ƙara gawayi.
Wani jirgin kaya ya yi kuka a bakin tasha.
Teku na nan dama da ni, taku ashirin,
yana ta walƙiya kamar bai ji komai ba.

Na ɗauki shuɗiyar takarda na ninka huɗu,
na sa a jaka, kusa da maganin hawan jini.
Na ce wa Ohaj, rubuta mu a ta daji,
amma ka gaya wa direba
shayin nan ba na tsaye ba ne,
sai mun tambayi tsofaffin garin ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma na je bakin ruwa ni kaɗai,
na tattare zani, na shiga zuwa idon sawu.
Wani ɗan kifi rawaya, bai kai yatsa ba,
ya zo ya shinshina babban yatsana,
ya juya abinsa.

To, na gan ka.
Ka gaida sauran.